Tambaya da Amsa: Yadda Ake Bin Salsalar Gidan Tsohon Soja a Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Obalende ne, a nan aka haifi mahaifina, kuma a nan kakanmu ya rasu tun ina ƙarami. Abin da muka tashi muka ji shi ne ya yi yaƙin Bama, da aka sallame shi bai koma Arewa ba, ya zauna a Legas yana aikin gadi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya auri mata uku, ɗaya daga cikinsu Bayarbiya. Ya bar akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai mindodi huɗu da ɗan littafin sallama wanda gara ta ci gefensa. A littafin an haɗa sunansa da Katsina, shi ya sa muke kiran kanmu Katsinawa, amma gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ta dage cewa daga ƙasar Maraɗi ya fito. Yanzu jikoki da tattaɓa kunne mun yi yawa, mun warwatsu tsakanin Agege da Idi-Araba da Mile 12, har wasu ba su san juna ba. Ina so in rubuta salsalar gidanmu. Ta ina zan fara, kuma wa zan gaskata, littafin ko gwaggo?
Mai karatu daga Obalende

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da gwaggo, kuma kada ka bari sai ka sami sarari, domin takardun da ke Kaduna da Landan za su jira ka shekara goma nan gaba, ita kuwa babu wanda ya san iya kwanan da ya rage mata. Ka je mata da goronka a lokacin da take da nishaɗi, ka nemi izininta ka naɗi muryarta a waya, sannan ka guji tambayoyi irin na ma'aikacin ƙidaya. Idan ka ce mata a wace shekara aka haifi Baba, za ta ce Allah ne masani, hira ta mutu. Amma idan ka tambaye ta wane irin zane ne a fuskarsa, su wa yake wasan taubasantaka da su a unguwa, waɗanne baƙi ne ke sauka gidansa idan sun zo daga Arewa, wa yake aika wa da saƙo ta hannun fataken goro ko na shanu, da wane kirari matansa ke yi masa, da sunan wa ya sa wa ɗansa na fari da 'yarsa ta fari, za ka ga zance yana jawo zance. Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, saboda a al'adarmu mutum ya fi mayar da sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa a kan 'ya'yansa na farko, har a riƙa sakaya su da Abba ko Baba ko Ummi, kuma ta nan sau da yawa ake gano sunan kakan kaka wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Duk abin da ta faɗa, ka rarrabe shi gida biyu a littafinka: wanda ta gani da idonta, da wanda aka ba ta labari, tare da sunan wanda ya ba ta.

Game da saɓanin littafin da maganarta, ina ganin babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lokacin da masu jihadi suka ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe da mabiyansu sun yi arewa, daga baya suka kafa mazauni a Maraɗi, kuma har yau sarautar da ake yi a can sunanta Sarkin Katsina. Iyakar da ta raba Maraɗi da birnin Katsina yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906. Saboda haka mutumin Maraɗi da ya tsaya gaban mai ɗaukar soja ya ce shi Bakatsine ne gaskiya ya faɗa, kuma yana da dalilin da zai sa ya tsaya a nan, tunda a lissafin Turawa shi talakan Faransa ne, kuma samari da yawa daga wancan ɓangaren sun tsallako ne don gudun aikin tilas da harajin Faransawa.

Ban da wannan, ya kamata ka san yadda ake rubuta sunan soja a wancan zamani. Akawu yakan rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan gari, ya wuce, shi ya sa jerin sunayen sojojin mulkin mallaka ya cika da irin su Musa Bauci da Garba Sakkwato da Audu Kano. Garin nan wani lokaci mahaifar mutum ce, wani lokaci babban garin lardinsa ne, wani lokaci kuma wurin da aka ɗauke shi ne kawai. Da yake Hausa ce harshen bariki, akwai Zabarmawa da Barebari da mutanen tsakiyar Najeriya da na yankin tafkin Cadi da suka shiga da suna irin wannan, suka fita da shi, zuriyarsu ta gaje shi. Shekarun da aka rubuta a littafin ma kintace ne na likita, wanda ya dubi jikin mutum ya yanke masa. Don haka a wajen mai bincike sunan soja ba ya rarrabe shi da wasu ɗaruruwa masu irin sunan. Abin da ke rarrabe shi lambarsa ce.

Ka duba shafin farko na littafin, za ka ga lambar da ta fara da haruffan NA, alamar Najeriya ke nan a yaƙin duniya na biyu, kamar yadda na ƙasar Gana ta yau suke farawa da GC. Ka kwafe ta a wurare da dama, ka ɗauki hoton kowane shafi a hasken rana, har da bango da wuraren da garar ta ci, domin rabin kalma ko rabin hatimi yakan isa a gane bataliya. Irin wannan littafi yakan nuna ranar shiga da ranar sallama, da muƙami, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da rukunin da mutum ya yi aiki, da ƙasashen da ya je, da shaidar halinsa, da siffarsa, har da tabo ko zanen fuska. Kada ka kai shi a manne shi cikin leda da zafi, kada kuma ka liƙa salatif a inda ya yage. Duka biyun suna lalata takarda lalacewar da ba ta gyaruwa. Ambulan mai tsabta da wuri marar laima sun wadatar, ko da yake na san samun wuri marar laima a Obalende lokacin damina aiki ne.

Mindodin ma suna da abin faɗa. Yawancin na yaƙin duniya na biyu ba a zana sunan mai su a jiki ba, saɓanin na yaƙin farko da ke ɗauke da suna da lamba da runduna, amma ƙyallen da aka rataye su da shi yana nuna fagen fama. Tauraron Bama ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu a gefe, da ratsin ruwan goro. Idan ka ga wani tauraron mai ƙyalle launin rairayi, da ja a tsakiya, da siraran ratsin shuɗi biyu, wannan na Afirka ne, kuma yana nufin kakanka ya shiga soja da wuri, mai yiwuwa ya yi yaƙi da Italiya a 1940 zuwa 1941, lokacin da birged ɗin Najeriya ya bi ta Kenya ya shiga Mogadishu ya nausa cikin Habasha. Wannan kaɗai zai mayar da kintacen shekarar haihuwarsa baya da wasu shekaru.

Sojojinmu sun je Bama ne cikin manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943. Ta 81 ce ta fara tafiya, ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Bombai a Indiya, ta yi faɗa da Japanawa a kwarin kogin Kaladan. Ta 82 ta biyo baya a 1944, ta yi aiki a yankin Arakan, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa su da dakarun Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Ba kowa ne ya riƙe bindiga ba: dubbai sun yi aiki ne a rukunin masu ɗaukar kaya a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga, kuma su ma sojoji ne masu lamba da minda. Yawancin waɗanda suka tsira sun dawo gida a 1946. Kai da kake Obalende, kullum kana wuce wannan tarihi ba tare da ka lura ba, domin barikin Dodan da ke maƙwabtaka da ku, da na Myohaung da na An a Yaba, da na Arakan da na Tamandu a Apapa, duk sunayen wurare ne na Bama. Idan gwaggo ta tuna wani baƙon suna da mahaifinta ke yawan ambata, ka rubuta shi yadda ta furta shi, ka gwada shi da waɗannan da makamantansu.

Sai wuraren da za ka nufa. Fayil ɗin kowane sojan Afirka ba a kwashe shi zuwa Ingila ba, a ƙasarsa aka bar shi, saboda haka takardar neman bayani ta farko ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja za ka aika wa, da lambarsa da hoton littafin da shaidar dangantakarka da shi. Idan ya taɓa karɓar fansho, hukumar fanshon soja da ke Abuja wata ƙofa ce. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda ake gani da rigunanta a bikin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu, tana da reshe a Legas, kuma 'ya'yan abokan kakanka sukan san abin da ku ba ku sani ba. Ka je da haƙuri, kuma duk wanda ya tare ka a ƙofar ofis ya ce akwai wasu kuɗin Turawa da ke jiran jikokin 'yan Bama in ka ba shi wani abu, ka yi masa sallama ka wuce.

A Landan, gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke unguwar Kew yana riƙe da kundin yaƙi na yau da kullum na kowace bataliya. Na fagen Bama suna ƙarƙashin lambar WO 172. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba sai in an kashe shi ko ya ji rauni ko ya yi wata bajinta, amma idan ka san bataliyarsa za ka iya bin sawunta mako bayan mako. Takardun neman a ba soja lambar jarunta suna WO 373, kuma ana iya neman suna a cikinsu ta intanet. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka fi sani da CWGC, ta sa jerin sunayenta a intanet kyauta, sai dai na waɗanda suka rasu a bakin aiki ne tsakanin 1939 da 1947, da kuma 1914 zuwa 1921. Kakanka ba ya ciki tunda ya dawo da rai, amma in gwaggo ta ce yana da wa ko ƙane da suka tafi tare bai dawo ba, can za ka neme shi, ko a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, ko a sashen sojoji na maƙabartar Atan da ke Yaba, wanda za ka iya zuwa da ƙafarka. Rashin ganin suna ba ya ƙaryata labarin gida, musamman na yaƙin farko: a 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

Rayuwarsa bayan soja ta fi sauƙin bi. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara aiki ne a 1955, kuma ma'aikacin dindindin yana da fayil mai ɗauke da sunan mata da 'ya'ya da magajin da ya zaɓa. Idan ya mallaki gida, takardar cinikin tana iya kasancewa a ofishin rajistar filaye na Alausa, kuma irin waɗannan takardu sukan jero sunayen magada idan gida ya sauya hannu. Daga nan sai fadar Sarkin Hausawan unguwarku da limamin masallacin da yake salla. Tafiya Maraɗi ita ce ta ƙarshe, bayan ka sami sunan ƙauye ko unguwa da sunan mahaifinsa, domin wanda ya sauka a babban gari da sunan yanka kaɗai, kowane gida zai karɓe shi da fara'a ya ce nasa ne.

TAMBAYA: Malam, ni matsalata ta ɓangaren mata ce. Kakata ta wajen uwa ta zo Agege tana yarinya tare da masu fataucin goro, ta yi aure sau uku, ta haihu a kowane gida. Babu takardar haihuwa ko ta aure ko ɗaya. Abin da muke da shi wata tsohuwar takarda ce da aka samu cikin Alƙur'anin mijinta na biyu, an rubuta sunayen yara da ajami, kowane da wata da shekarar Hijira. Yaya zan mayar da su shekarun Bature, kuma yaya zan san shekarar haihuwarta ita kanta?
Mai karatu daga Agege

AMSA: Hajiya, takardar nan da kike gani kamar ba komai ba ta fi takardun gwamnati da yawa inganci, saboda wanda ya rubuta ta yana wurin lokacin da aka yi haihuwar, kuma ba ya neman aiki ko fansho da ita. Ki kwatanta ta da takardar rantsuwar shekaru da iyayenmu suka riƙa yi a kotu bayan sun girma, inda mutum kan zaɓi shekarar da za ta dace da makaranta ko aikin da yake nema, ranar kuma a sa 1 ga Janairu don sauƙi. Idan biyun suka saɓa, ta cikin Alƙur'anin za ki bi.

Lissafin ba shi da wuya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka ki ninka shekarar da 0.97, ki ƙara 622. Misali 1360 za ta ba ki 1941, kuma haka ne, a ƙarshen Janairun 1941 shekarar ta kama. Tunda an rubuta wata, manhajojin sauya kalanda da ke waya za su kai ki kusa da ranar, da bambancin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. Ki sami malamin da ya saba da rubutun warash na tsofaffin allo ya karanta miki, domin lambobi da wasu haruffa a hannun mutanen da sun bambanta da na bugun zamani, kuma kuskuren lamba ɗaya yana iya tsufar da mutum shekara goma.

Rashin takardun gwamnati kuwa ba sakacin gidanku ba ne. Legas ta riga ko'ina a ƙasar nan samun dokar rajistar haihuwa da mutuwa, tun 1863, kuma an fara aiki da ita sosai a 1892, amma a cikin birni ne, Agege kuwa a lokacin ƙauyen gonakin koko da goro ne a kan hanyar jirgin ƙasa. Dokar da ta wajabta rajista a duk ƙasa ta danƙa ta ga Hukumar Ƙidaya, a 1992 aka yi ta. Aure ma haka: ofishin rajista na Ikoyi na masu auren doka ne irin na Turawa, Musulmi kuwa aurensa waliyyi ne da sadaki da shaidu da rabon goro, kuma rajistarsa tana cikin kan waɗanda suka halarta. Don haka ki nemi sanin wanda ya yi mata walicci a kowane aure. Idan mutum ɗaya ne, mai yiwuwa danginta ne na jini ko maigidan da ya riƙe ta. Idan a wani auren limami ne ko Sarkin Hausawa, alama ce a lokacin ba ta da namiji nata a kusa. Ki bincika kuma yadda kowane aure ya ƙare, saki ne ko takaba ta yi, domin takaba tana ba ki shekarar mutuwar miji, kuma rabon gadonsa yana tara sunayen 'ya'yansa duka a wuri ɗaya, har da na sauran matansa.

Shekarar haihuwarta za ki kintata ne daga ɓangare biyu. Ki ɗauki shekarar da ta yi haihuwar fari ki koma baya da shekara 15 zuwa 18, gwargwadon yadda ake aurar da 'yan mata a wancan zamani, sannan ki gwada abin da kika samu da wani babban al'amari da aka ji tana ambata. Tsofaffi da irin waɗannan suke lissafi: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura da ta shigo ta Legas a Satumban 1918, saukar jirgin sama na farko a Kano a 1925, yunwar 'Yar Gusau a tsakiyar yaƙin Hitila, zuwan Sarauniya a 1956, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau. Wadda ta ce an haife ta zamanin Sarkin Kano Usman, tsakanin 1919 da 1926 ke nan. Abdullahi Bayero ya yi daga 1926 zuwa 1953. A Katsina kuma Dikko ya yi daga 1906 zuwa 1944. Laƙabinta ma shaida ne: Ladi da Talatu da Lami da Jummai da Asabe suna faɗin rana, Azumi tana faɗin wata, Delu ko Kande tana nuna maza ne suka gabace ta, Gambo kuwa tagwaye ta biyo. Duk shekarar da kika samu ta wannan hanya, ki rubuta "wajen" a gabanta, kada wani jika ya zo daga baya ya ɗauke ta a matsayin tabbas.

Abu ɗaya da nake roƙon ki kula da shi, tunda gidaje uku ne: ki bambanta ɗan ciki da agola da ɗan riƙo, ki kuma rubuta wanda ta shayar ko da ba ita ta haife shi ba. A zaman gida duk 'ya'ya ne, kuma ba a son a riƙa tona wannan a gaban mutane, amma a littafin salsala wajibi ne, domin gado da halaccin aure a kansa suke tsayawa. A unguwa irin Agege, inda zuriyar gida ɗaya ke auren juna ba tare da sun sani ba, shayarwar da aka manta da ita ta fi ranar haihuwar da aka manta haɗari.

TAMBAYA: Mu gidanmu a tsibirin Legas yake, Yarbanci muke yi, Hausar ma a makaranta da kasuwa na koye ta. An ce kakanmu na farko yana cikin Hausawan Gulba, wato sojojin Glover. Wani ya ce min waɗannan bayi ne, dattawan gidanmu kuma suna so in rubuta cewa ɗan sarki ne daga Kano. Ko gwajin ƙwayar halitta zai raba gardama?
Mai karatu daga Isale Eko

AMSA: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka bai yi nisa da gaskiya ba. Bayan Ingila ta karɓe Legas a 1861, John Glover, hafsan sojan ruwa da ya riƙe mulkin garin, ya kafa 'yar ƙaramar runduna a 1863, kuma ita ce rundunar sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Da yawa daga cikin mutanensa 'yan Arewa ne da aka kama a yaƙe-yaƙe aka sayar da su a ƙasar Yarbawa, suka gudu daga iyayengijinsu suka fake a Legas. Su ne suka bi shi yaƙin Asante, a ƙasar Gana ta yau, a 1873 zuwa 1874, magadansu kuma suka yi yaƙin Ijebu a 1892, kafin a narkar da rundunar cikin sojan iyaka na Afirka ta Yamma da Lugga ya fara haɗawa a 1897. Akwai kuma wasu Hausawan Legas na da waɗanda daga Barazil ko Saliyo suka dawo bayan sun sami 'yanci.

Amma bauta a ƙarni na 19 abu ne da ke faɗa wa mutum, ba ta nuna gidan da ya fito. An kama manoma, an kama almajirai da malamai, an kama 'ya'yan sarauta. Saboda haka maganar dattawanku ba abu ne da ba zai yiwu ba, sai dai tana bukatar hujja, kuma hujjar tana da wurin nema: gidajen sarauta su ne suka fi kowa kiyaye salsala, kuma rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi, waɗanda ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, cike suke da jerin sunayen hakimai da dagatai da 'ya'yansu. Idan dattawa sun san sunan sarkin ko sarautar, a duba. Idan abin da ake da shi kawai shi ne "ɗan sarki ne daga Kano", to ka rubuta shi haka, ka ce wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, kada ka ɗauko sunan wani sarki ka ɗora a saman bishiyar gidanku don a ji daɗi. Addini ya yi gargaɗi mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma mutumin da ya tsinke igiya ya kai kansa Legas ya kafa gidan da ya kai yau ba abin ɓoyewa ba ne.

Gwajin ƙwayar halitta ba zai ba ka sunan mutum ko na gari ba. Iyakarsa ya nuna yankin da jinin ya fi kama da na mutanensa, ya kuma haɗa ka da wasu da suka yi gwajin a kamfani ɗaya. Idan layin uba kake nema, namiji ne daga tsatson maza zalla zai yi gwajin, kuma ka shawarci manya tukuna, domin yakan fito da abin da ba shi aka je nema ba. Kafin ka kashe wannan kuɗi, ka nemi sunan kakan naku a jerin waɗanda aka ba mindar Asante da ta yaƙin Ijebu na 1892, wanda ke Kew ƙarƙashin WO 100, sannan ka je gidan adana takardu na Ibadan, cikin harabar jami'a, inda fayilolin mulkin Legas suke, ka kuma duba tsofaffin takardun mallakar filin gidanku a Alausa, ka ga da sunan wa aka fara rubuta shi da kuma shekarar.